Daga Bengu Zuwa Lete: Wanda Ya Iya Labari Shi Ke Cin Gona

Duk ma'aikacin gwamnati da ke da kundin dokar karkara a kabad ɗin ofishinsa, ya daure ya kaɗe masa ƙura, ya buɗe aya ta 8 da ta 9. Dokar nan mai lamba 93-015, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, ana tsakiyar hayaniyar zaɓen da ya ɗora Mahaman Usman kan mulki, ta ce ana mallakar ƙasa ta hanya biyu, ta al'ada da ta takarda, kuma hukuma za ta kare kowacce daidai da ƴar'uwarta. Sa'an nan ta bayyana yadda ake gane mallakar al'ada: gonar gado tana tabbata ta mutum idan abin da jama'ar wurin suke tunawa ya gaskata gadon. Masu rubuta dokar sun raɗa wa abin suna mai daɗin ji da Faransanci, wai mémoire collective. In an sauko da kalmar daga bisa doki aka tsayar da ita a ƙasa, ma'anarta labarin da dattawa ke bayarwa. Wato dai hukumar Nijar da hannunta ta ɗauki labari ta ba shi matsayin shaida a gaban alƙali.

Ba a ga laifinta ba a kan wannan. Ƙasar da mafi yawan gonakinta ba su taɓa ganin mai awo ba balle takarda, ba ta da madogarar da ta wuce bakin mutane. Inda gizo ke saƙa shi ne dokar ba ta faɗi bakin wa za a saurara ba, ba ta kuma faɗi yadda za a yi da wanda al'ada ta hana shi ɗaga murya a zauren mai gari ba. Shekara fiye da 30 ke nan ana yanke wa talakawa hukunci bisa wannan giɓi, ana kiransa adalci.

Bengu wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Garin yana cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, a kwarin dallol inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, ga iyakar Najeriya a kusa, ga Benin ƙetaren kogin Isa. Yankin rake ne da dankali da rogo, yankin giginya da gishirin Foga, kuma fadamarsa ba ta san hutun rani ba. Abin da aka noma can yana da masu saye a Gaya da Doso da Yamai, har da kasuwannin ƙetaren iyaka. To, inda ƙasa ta yi tsada, labarin ƙasa ma tsada yake yi. A kan tudun da sai an yi sa'a ake ɗaure dami goma, mutane sukan manta wanda ya ara wa wani gona. A fadamar rake kuwa ba a mantuwa, har abin da bai faru ba ana tunawa da shi.

A ɗauki irin ƙarar da kowane mai gari ya saba ji, ba sai an kama sunan kowa ba. Mutum biyu, gona ɗaya. Na farko ya ce kakansa ne ya sari dajin tun ana jin kukan kura a bakin gari, wani baƙo ya zo da iyali ba shi da abin yi, aka tausaya masa aka ba shi aro, kowace kaka yana kawo dami ɗaya don a san gonar mai ita, sai jikokin baƙon suka yi ƙiba suka daina kawowa. Na biyu ya ce shi da ya buɗe ido a gonar ya ga ubansa yana huɗa, rijiyar da ke ciki su suka haƙa ta, mangwaron da ke bakin iyaka su suka dasa shi, kuma kowa ya san mai aro ba ya dasa itace. Damin da ake kaiwa kuwa girmamawa ce ga maƙwabci dattijo, ba haya ba. Kakannin duka biyu sun daɗe da kwanta dama. Babu takarda, babu wanda ya ga ranar da aka yi maganar farko. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu, domin kowanne abin da ya ji a gidansu tun yana yaro yake maimaitawa, kuma ya yarda da shi har zuci.

Doka ta ce a fara kai irin wannan gaban sarakunan gargajiya don sulhu, daga mai gari zuwa sarkin kanto, in ya gagara a rubuta takarda a tura gidan shari'a, inda alƙali ke zama tare da masana al'ada masu ba shi shawara. A kowane mataki ana kiran shaidu, kuma a nan ne ya kamata a buɗe ido. Shaidun nan dattawa ne maza, masu zaman zaure, waɗanda da yawansu jini ko aure ko bashi ya ɗaure su da gidan sarauta ko da ɗaya daga cikin masu ƙarar. Tsohuwar da ta yi shekara 40 tana kai fura gonar, wadda ta san iyakar fiye da kowa domin ita ke shuka yakuwa a kanta, ba a cika tunawa da ita ba. Bafillacen da shanunsa ke bi ta gefen gonar tun zamanin ubansa, ya san shekarar da aka cinye burtali aka mai da shi kunya, ba a neman bakinsa sai ranar da aka kama shi da ɓarna. Wanda ake yi wa kakansa gorin bauta yana da labari mai tsawo a kan wanda ya yi saran dajin da gatari a hannu, da wanda ya zauna inuwa aka ce shi ya sara, amma da ya soma magana sai a tuna masa asalinsa. Haka ake tace tunanin jama'a har ya rage na mutum biyar ko shida, sa'an nan a buga masa hatimi.

Kuma kada a ɗauka labarin asali abu ne kafaffe kamar dutse. A ƙasar Dendi kanta akwai labarin kafa gari iri biyu da suka daɗe suna zaman doya da manja: na Kyangawa, waɗanda ake ɗauka su ne masu ƙasa na farko, da na zuriyar Sanwai da suka gangaro daga Gawo suka karɓi sarauta. Masanin nan Olivier Walther, wanda ya yi bincike a Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna yadda kowane ɓangare ke gyara zaren labarin don ya dace da matsayin da yake nema. In har tarihin babban gari yana tanƙwaruwa haka, ina ga tarihin wata fadama da ba ta kai eka biyu ba?

Hukumomi ma sun taya. A watan Disamba 1974, watanni kaɗan bayan ya kifar da Jori Hamani, Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta mai noma ta ce, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa. Nan take masu aro suka daina kai dami, labarin da ke cin kasuwa ya zama na gumi: ni na noma, ni na haƙa, ni na dasa. Da Kunce ya rasu a 1987, ana cikin shirin dokar karkara, iska ta juya, sai labarin gado ya dawo da ƙarfinsa, tsofaffin ƙararrakin da aka binne suka fito daga kabari. Christian Lund, ɗan ƙasar Danmak da ya bi shari'o'in gonaki a jihar Damagaram ya kuma fitar da littafi a 1998, ya nuna cewa jin ƙishin-ƙishin ɗin za a yi rajistar filaye kaɗai ya isa ya tayar da rigingimu, kowa na gaggawar kafa labarinsa kafin alƙalami ya bushe. Ya kuma nuna yadda zuwan jam'iyyu ya ƙara wa wutar mai, mai ƙara ya koyi cewa katin jam'iyya shaida ce da ta fi ta maƙwabci. Gonar ba ta gusa ko taƙi ɗaya ba a tsawon waɗannan shekaru, amma an sake mata tarihi sau biyu ko uku, gwargwadon wanda ke zaune a fadar Yamai.

Idan labarai biyu suka yi kunnen doki, sai a ɗauko Alƙur'ani a ce wani ya dafa. Mutane suna ganin nan ne ƙarshen magana, alhali rantsuwa tana auna zuciyar mai rantsuwa ne kawai. Jikan da ya gaji labarin da aka ƙaga tun kafin a haife shi zai dafa da zuciya ɗaya, bai yi ƙarya ba, kuma gonar ba tasa ba ce. Wani kuma mai gaskiya, saboda tsananin tsoron Littafi da gudun abin da mutane za su ce in wani abu ya sami ɗansa baɗi, sai ya ja da baya ya bar gonar ubansa. Marar tsoron Allah kuwa, wannan ba ya ma bukatar a yi dogon bayani a kansa.

Malaman da ke halartar irin wannan zama sun fi kowa sanin cewa addini ya yi gargaɗi tun da wuri. Hadisin da Imamu Malik ya buɗe babin hukunce-hukunce da shi a cikin Muwaɗɗa, wanda aka karɓo daga Ummu Salama, a kan wannan matsala yake: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa masu kawo ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, shi kuma yana hukunci ne da abin da ya ji, saboda haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ya sani yankin wuta aka miƙa masa. A cikin Suratu Sad kuma ga ƙissar masu husuma biyu da suka haura wa Annabi Dawuda, mai tumaki 99 da mai tunkiya ɗaya, kuma kukan da mai ɗayar ya yi ya haɗa da cewa an fi ƙarfinsa a magana. Ƙissar Annabi Yusufu ta zo da darasin a aikace: ƴan'uwa sun zo da kuka da labari da riga mai jini, matar mai gida ta zo da nata labarin, amma yagewar riga ta baya ita ta raba gardama. Wanda ya karanta waɗannan ya kuma zauna ya bari fasahar baki ta ci gonar maraya, ba shi da uzurin jahilci.

A nan ne ƴan boko sukan gyara zama su ce ai maganin abin a fili yake: a bar surutun tsofaffi, a rubuta komai, takarda ba ta mantuwa kuma ba ta da suruki. Waɗannan sai a kama hannunsu a kai su bakin kogi a nuna musu tsibirin Lete, can sama da Gaya.

Rigimar Lete ta girmi ƴancin kan ƙasashen biyu. A ƙarshen Yunin 1960, saura ƴan makwanni Dahome da Nijar su karɓi tuta, aka zubar da jini a tsibirin, aka kashe Fulani makiyaya. A ƙarshen 1963 abin ya kai gwamnatin Jori ta kori ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar. Aka sake samun tashin hankali a 1993 da 1998, har dai ƙasashen suka sa hannu a Kwatano ranar 15 ga Yuni 2001 cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke birnin La Hay na ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 alƙalai biyar, ƙarƙashin Raymond Ranjeva ɗan Madagaska, suka yanke hukunci: daga cikin tsibirai 25 da ake gardama a kansu Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9, iyaka kuma ta bi inda kogin ya fi zurfi a hanyar jiragen ruwa kamar yadda take a lokacin samun ƴanci. An yi murna a Yamai, kuma murnar tana da dalili, domin an rufe ƙofar yaƙi ba tare da an harba bindiga ba.

Sai dai a duba abin da aka ɗora hukuncin a kansa. Hujjar da Nijar ta fi jingina da ita wata wasiƙa ce ta ranar 3 ga Yuli 1914, wadda wani Bafaranshe mai suna Sadoux, kumandan na Gaya a lokacin, ya aika wa takwaransa na ɓangaren Dahome, ya jera tsibiran ya ce wannan na nan ne, wancan na can ne. Benin kuma ta rungumi wata wasiƙar ta ranar 27 ga Agusta 1954, wadda Raynier, gwamnan riƙon ƙwarya na Nijar, ya rubuta yana cewa iyaka tana gaɓar hagu, wato tsibiran na Dahome ne. Manyan lauyoyi suka kwashe shekaru suna fassara waɗannan takardu, kowane ɓangare ya saƙa labari mai kai da gindi daga rahotannin rangadi da rajistar haraji. Alƙalai suka ga labarin da aka gina kan wasiƙar 1914 ya fi tsayuwa, domin an yi aiki da ita shekara 40. Ƙa'idar da suka bi ita ce ta riƙe iyakokin da Turawa suka bari, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, wadda kuma kotun ta taɓa kwatantawa da hoton ƙasa da aka ɗauka ranar ƴanci, a shari'ar Mali da Burkina ta 1986. Hoto kuwa yana da mai ɗauka, kuma mai ɗaukar wannan ba Bafillacen Lete ba ne, ba masuncin Karimama ba ne. Mutanen da kakanninsu suka yi kiwo da su da noma a tsibirin tun kafin a haifi Sadoux sun shiga shari'ar ne a matsayin sunaye cikin rajistar masu biyan haraji. Kotun ma da kanta ta ce hukuncinta bai taɓa haƙƙin da ɗaiɗaikun mutane ke da shi a tsibiran ba, wato ta raba tuta ta bar maganar gona da makiyaya inda ta same ta.

To, ga takardar da ake cewa ba ta da suruki. Wasiƙu biyu, daga hukuma ɗaya ta mulkin mallaka, suna ƙaryata juna kamar dattawa biyu a zauren mai gari. Bambancin kawai shi ne labarin kumandan an adana shi a ma'ajiyar takardu inda gara ba ta kai ba, na talaka kuwa yana mutuwa ranar da aka kai tsoho makwanci.

Takardun Turawan nan ma da tatsuniya suka soma. Dokar ranar 15 ga Nuwamba 1935 ta ce duk filin da babu kowa a kansa kuma ba shi da mai shi, da wanda aka bari shekara goma ba a aiki a kansa, na hukuma ne. Ina aka taɓa ganin fili marar mai shi a ƙasar Hausa ko ta Dendi? Saurar da aka bari ta huta tana da mai ita, dajin da ake kiwo yana da masu shi, tafkin da ake su yana da sarkin ruwa. An ƙagi labarin daji marar uba ne don a sami hanyar ɗauka, kuma wanda ya fi kowa shan wahalar wannan ƙage har bayan tafiyar masu shi, makiyayi ne. Manomi yana da kunya da kututture da rijiya da zai nuna. Sawun saniya kuwa ruwan farko ke shafe shi. Dokar 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince wa makiyayi da haƙƙi a mazauninsa da burtalinsa da mashayarsa, amma ranar shari'a ana tambayarsa shaidar da irin rayuwarsa ba ta barinta. Kuma ƙasar nan ta ga inda labarin da ba a bincika ba yake kai jama'a: a Toda ta jihar Maraɗi, ƙarshen Oktoban 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai ana ta jawabi kan haƙƙin ɗan Adam, aka hallaka Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara.

Wanda yake son ganin yadda suna ɗaya ke juya shari'a, ya waiwayi abin da ya sami Hadijatu Mani a yankin Ƙwanni. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan jika 240 ga wani mai hali, ta zama wahaya, tana aikin gida da na gona, yana kuma kwana da ita. A 2003 Nijar ta mai da bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A watan Agusta 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma da ta tashi tafiya sai ya sake labari, ya ce ai matarsa ce. Kotun farko ta Ƙwanni ta duba a 2006 ta ce babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta, saboda haka babu aure. Kotun da ke sama da ita ta rushe wannan hukunci da sunan al'ada. Da Hadijatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007 kan laifin aure kan aure, ta kuwa shiga kurkuku. Abin da ya faru da ita bai sauya ba ko kaɗan tsakanin wannan kotu da waccan. Kalmar da aka kira shi da ita ce ta sauya, daga baiwa zuwa mata, kuma kalmar mai gida aka ɗauka. Sai da ƙungiyar Timidriya da abokan aikinta suka tallafa mata ta kai kuka kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce bauta ce, ta ɗora wa gwamnatin Nijar alhakin rashin kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Abin da kotun ta fi kama alƙalan gida da shi shi ne sun ji maganar bauta da kunnensu suka wuce kamar ba su ji ba. Ya kamata kuma a tuna cewa Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025. Kowa yana da ra'ayinsa a kan ficewar, amma ita yarinyar da za ta shiga irin wannan hali gobe, sauraron da za ta samu a Ƙwanni ko Gaya ko Yamai shi ne iyakarta, saboda haka nauyin da ke kan alƙalin gida ya ninku.

Saura tafinta. Manomin Bengu yana ba da labarinsa da Hausa ko Dendanci, da karin magana da kewaye-kewaye, yana farowa daga yunwar da aka yi zamanin kakansa, domin a wurinsa nan ne maganar ta samo tushe. Tafinta ya dunƙule zancen rabin sa'a ya mai da shi jimla uku na Faransanci, magatakarda ya rage ya rubuta biyu, a miƙo wa mai ƙara ya dangwala yatsa a kan abin da ba zai iya karantawa ba. In an ɗaukaka ƙara, alƙalan sama ba za su ga manomin ba, jimlolin nan biyu za su gani. Amadu Hampate Ba ya rubuta littafi sukutum a 1973 a kan wani tafintan zamanin Turawa, Wangrin, wanda ya juya kumandoji da sarakuna da harshensa. Masu karatu suka yi ta dariya, suka manta kujerar tana nan. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma kundayen dokokin da ake hukunci da su da Faransanci aka rubuta su, kuma yawancin waɗanda ake yi wa hukuncin ba su jin sa.

Kakanni sun san da wannan duka, shi ya sa tatsuniyoyinsu suke cike da shari'o'in da kura ke alƙalanci akuya na gurfane, da waɗanda Gizo ke cinyewa da zaƙin baki. Tsohuwa mai tatsuniya dai tana da wata kunya da masu shaidar zur ba su da ita: takan faɗa wa yara tun farko cewa ga ta nan, in ta gama kuma ta ce ƙurunƙus, kowa ya san an tashi daga wasa.

Babu mai hankalin da zai ce a kori labari daga gidan shari'a, domin in an kore shi ba abin da zai saura. Abin da ake nema ƙarami ne, kuma ba ya bukatar tallafin ƙasashen waje. Hukumomin filaye da dokar karkara ta kafa, waɗanda ake kira Cofo, tun daga na ƙauye har na gunduma, an tanadi kujerar mata da ta makiyaya a cikinsu. A daina cika kujerun nan da ƙanwar mai gari da Bafillacen da ya sayar da shanunsa tun tuni. Duk takardar shaidar mallakar al'ada da za a bayar, a rubuta a jikinta sunan waɗanda suka ba da labarin, da dangantakarsu da mai nema, da sunan wanda ya musa da abin da ya ce, a kuma karanta ta a bainar jama'a da harshen da suke ji kafin a buga hatimi. Aro da jingina da haya a rubuta su ranar da aka ƙulla su, tun masu maganar suna da rai suna kuma shiri da juna. Alƙali ya fita daga ofis ya taka gonar, ya ga rijiyar, ya ƙiyasta shekarun mangwaron, ya tambayi matan maƙwabta su kaɗai ba a gaban mazajensu ba. Wanda ya ba da shaida a kan abin da ya girme shi, a tambaye shi daga bakin wa ya ji.

Ƴan kasuwa da ma'aikata kuma kada su karanta wannan kamar labarin wasu can. Su ne masu sayen fadamun dallol, su ke zuwa da mota da kuɗi a jaka, su sami wani mai bakin zuma ya ce gonar gadonsa ce, a kira shaidu biyu da aka riga aka jiƙa, a rubuta takarda a ofis kafin la'asar. Wanda aka raba da gonar ba ya jin labari sai ranar da ya ga ana kafa turaku ana ja da waya. Mai sayen yana riƙe da takarda mai hatimi, lauyansa zai ce ta fi ƙarfin surutun ƙauye, kuma mai yiwuwa ya ci shari'ar. Kafin ya ƙirga kuɗin, ya bar mai sayarwa a gari, ya taka zuwa gonar da hantsi, ya ga wanda ke duƙe a cikinta, ya tambaye shi tun yaushe yake nan.